Gida da Zamani: Yadda Za a Sa Wifi a Gida Ba Tare da Asarar Dukiya Ba

  A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wata buƙata wadda shekaru 20 da suka wuce ba ta cikin lissafin magidanci a nan Tamanrasat, amma a yau ta shiga sahun kuɗin ruwa da na wuta, wato sanya intanet a gida ta hanyar abin nan da ake kira wifi.

Ba sai an tsawaita bayani a kan dalili ba. Mafi yawanmu muna da dangi a Arlit da Agadas da Tawa da Damagaram, wasu har Katsina da Kano, kuma ta WhatsApp ake jin labarin haihuwa da rashi da halin da damina take ciki. Ɗan kasuwa yana tambayar farashi kafin ya ɗaure kaya, ɗalibin jami'a yana neman darasinsa, mai shirin jarrabawar bak yana bitar tambayoyin shekarun baya. Abin da yake damun magidanta shi ne kuɗi na fita kowane wata, amma kira yana yankewa, ɗakin uwargida ba ya samu, yara suna cincirindo a bakin ƙofa ɗaya suna ɗaga salula sama. Daga nan sai wani ya ba da shawarar a sayi sabon akwati mai ƙahoni shida, a saya, abu bai sake ba. Abin da wannan fili yake son tabbatarwa a yau shi ne, a mafi yawan gidajenmu tsadar akwati ba ita ce ke kawo ingancin wifi ba. Abin da ke kawo shi shi ne zaɓen layin da ya dace da gidan, da ajiye akwatin a inda ya kamata, da kebul guda ɗaya idan gida yana da faɗi.

Ruwa daban, famfo daban

Kafin a fitar da ko dinari ɗaya, ya kamata a bambanta abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Kowa a garin nan ya san cewa tun shekarar 2011 ruwan da muke sha daga In Salah yake zuwa, ta bututu mai tsawon wajen kilomita 750. Idan ruwa bai zo unguwa ba, ko famfon zinariya mutum ya sa ba zai ɗiga ba. Idan kuwa ruwa ya zo amma tiyon cikin gida ya lanƙwashe, laifin ba na masu ba da ruwa ba ne. To haka lamarin yake. Intanet shi ne ruwan, kamfani ne yake kawo shi har ƙofar gida. Wifi kuwa shi ne tiyon cikin gida, wato hanyar da akwatin nan da ake kira modem yake rarraba abin da ya samu zuwa salula da kwamfuta da talabijin ta iska, da irin igiyar da rediyo ke amfani da ita, sai dai zangonta gajere ne ƙwarai.

Shi kansa ruwan daga nesa yake tahowa. Tsakaninmu da birnin Alje akwai wajen kilomita 2,000, kuma babban layin zaren gilashi, wanda ake kira fibir, ya ratso sahara daga arewa ya biyo ta nan, ya wuce har In Gezam a bakin iyakar Nijar. Daga gaɓar teku kuma akwai manyan kebul da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa zuwa Turai. A watan Oktoba na 2015 ɗaya daga cikinsu ya yanke a kusa da Annaba, sai da akasarin intanet ɗin ƙasar nan ya durƙushe na kwanaki. Wanda ya san wannan ba zai ɗora wa akwatinsa laifin kowace tangarɗa ba.

Wane layi ya dace da gidanka?

Hanyoyi huɗu ne a gaban magidanci. Uku daga cikinsu na kamfanin Algérie Télécom ne, wanda ya fara aiki da wannan suna a 2003 bayan an raba harkar gidan waya da ta sadarwa, kuma yana sayar da su a ƙarƙashin sunan Idoom.

Ta farko ita ce fibir, inda zaren gilashi yake shigowa har cikin ɗaki. Idan ta iso unguwarka, kada ka tsaya neman wata, domin nisa ba ya rage mata gudu yadda yake rage wa sauran, kuma ba a auna maka yawan abin da ka sha a wata. Ta biyu ita ce ADSL, wadda take bin tsohuwar wayar tarho ta tagulla. Ita ma ba a auna ta, sai dai gudunta yana raguwa gwargwadon nisan gida daga inda layin ya taso, kuma tsohuwar waya mai ɗauri-ɗauri tana sa ta yawan yankewa. Ta uku ita ce akwatin 4G na gida, wanda kamfanin ya fito da shi a 2014. Ba ya buƙatar a ja waya, amma ana sayen sa ne da ma'auni, giga kaza a wata, idan ya ƙare gudu ya ragu ko ya tsaya gwargwadon tsarin da aka saya. Ta huɗu ita ce a sayi akwati mai cin katin SIM, a sa masa na Mobilis ko Djezzy ko Ooredoo, waɗanda suka fara 4G a 2016.

Yadda za a zaɓa ba shi da wuya. Ka fara da maƙwabta, domin gani ya kori ji. Ka tambayi gida biyu ko uku a layinku abin da suke amfani da shi, ka roƙi arzikin gwadawa da salularka bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau. Gwajin hantsi yaudara ne, saboda a lokacin hanya babu cunkoso. Abin da ya yi kyau a Sarsuf ba lalle ne ya yi kyau a Tahagart ko Gata'al Wad ba, hasali ma a unguwa ɗaya gidan da tudu ya tare yana iya bambanta da na kusa da shi. Sa'an nan ka je ofishin kamfanin da kanka, da takardar shaidarka da shaidar wurin zama, ka tambaya ko fibir ta iso layinku. Wanda yake gidan haya ya nemi yardar mai gida kafin a huda bango. Wanda kuma bai tabbata zai shekara a gidan ba, akwati mai cin kati ya fi masa, tunda zai ɗauki abinsa ranar tashi. A nan akwai gargaɗi guda: a ƙasar nan kowane katin SIM da sunan mutum ake yi masa rajista, saboda haka kada ka sayi kati a hannun wanda ba ka sani ba da sunan wanda ba ka sani ba. Ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana, kuɗin da ke ciki kuma ya tafi.

Lissafi kafin saye

Ka zauna da takarda ka rubuta abin da gidan yake kashewa a yanzu. Alal misali, a ɗauka mutum shida ne masu salula, kowannensu yana sa dinari 1,000 a wata. Jimla 6,000 ke nan, kuma akasarin abin a cikin gida ake shan sa. Kuɗin wata na layin gida mai matsakaicin gudu bai kai haka ba. Amma riba ba za ta fito ba sai in kowa ya rage abin da yake sa wa salularsa, ya bar ɗan abin da zai ishe shi idan ya fita. In ba haka ba, an ƙara wa gida nauyi na bakwai ne kawai.

Game da gudu kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Kiran bidiyo ɗaya yana cin mega 1 zuwa 2 a daƙiƙa, kallon bidiyo mai hoto tangaran yana cin wajen mega 5, saƙon murya da na rubutu kuwa ba a ma sa su a lissafi. Gidan da mutum uku ke kallo, ɗaya yana kira, biyu suna karatu a lokaci guda, mega 20 ya wadace su. Ya kamata a sani cewa megan da kamfani yake faɗa megabit ne, shi kuwa wanda salula take nunawa idan ana sauko da abu megabait ne, kuma takwas na farko ne ke yin ɗaya na biyu. Wanda ya sayi mega 20 ya ga 2.5 a salularsa ba a cuce shi ba. Hikima ita ce a fara da ƙaramin tsari, in an ga bai isa ba bayan wata ɗaya a hau na gaba.

Masu layi mai ma'auni su kula da bidiyo, domin shi ne rariyar da giga ke zuba. Awa ɗaya ta kallo da hoto mai kyau sosai tana iya cinye giga 1 har zuwa 3, alhali kiran murya na awa ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giga ɗaya ba. A shiga saitin YouTube a salular yara a mai da hoto 360 ko 480, a kuma hana WhatsApp sauko da kowane bidiyo da aka turo a zaure da kansa. Waɗannan biyu kaɗai suna iya kai ma'aunin wata har ƙarshensa.

Inda za a ajiye akwati

Wannan shi ne babin da ba a biyan ko sisi a kansa, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Galibi ma'aikaci yana ajiye akwati ne a ɗakin da ya fi kusa da titi, domin nan waya ta shigo, wato ɗakin baƙi. Sakamakon haka rabin ƙarfin wifi yana zuba a titi, samarin unguwa suna ganin sa cike, ɗakunan iyali da ke can ciki kuwa suna samun saura.

Igiyar wifi tana raunana duk lokacin da ta ratsa bango. Ginin bulo da siminti mai ƙarfe a ciki yana cin ta, ginin ƙasa mai kauri ma haka, ƙofar ƙarfe da rufin kwano kuwa mai da ita baya suke yi. Ruwa yana shanye ta, saboda haka tankin ruwa da ke tsakanin akwati da ɗaki katanga ce. Madubi babba da firji da kabad na ƙarfe duk suna tare ta. Tunda yawancin gidajenmu ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, dabarar ita ce a bar ta ta bi ta ƙofa da taga maimakon ta fasa bango. A nemi ɗakin da yake tsakiyar gida, mai ƙofa ko taga da ke kallon tsakar gida, a kafa ɗan katako a bango sama da tsayin mutum kaɗan, a ɗora akwatin a sarari. Kada a sa shi a ƙasa, ko bayan talabijin, ko cikin kabad don gudun yara, ko a madafa. Idan yana da ƙahoni a miƙe su sama. Ranar da ma'aikata za su zo, maigida ya kasance yana nan, ya nuna musu wurin da ya zaɓa tun kafin su yanke waya, domin tun ran gini ran zane.

Akwatunan yanzu suna watsawa a zango biyu, 2.4 da 5, shi ya sa wani lokaci ake ganin suna biyu a salula. Na 2.4 ya fi zuwa nesa da ratsa bango, amma ya fi jinkiri da cunkoso, domin akwatunan maƙwabta duk a kansa suke. Na 5 ya fi gudu, amma bango biyu sun isa su kashe shi. Na kusa ya hau 5, na nesa ya hau 2.4. Kada a rikita wannan 5 ɗin da 5G ta kamfanonin salula, ba abu ɗaya ba ne. A unguwa mai gidaje manne da juna, idan na 2.4 yana yawan tsinkewa, a shiga saiti a gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, domin su ukun nan ne ba sa hawa kan juna.

Mai akwatin 4G yana da ƙarin aiki, saboda nasa yana karɓa ne daga dogon ƙarfen kamfani kafin ya rarraba. Ya ɗauke shi ya zaga tagogin gida ɗaya bayan ɗaya yana duban fitilun da ke nuna ƙarfin rezo. Sau da yawa tazarar taku biyu tana sauya lamari.

Da tsohuwar zuma ake magani

Idan an gyara wurin ajiya amma har yanzu akwai ɗakin da ba ya samu, kamar gida mai bene ko mai sassa biyu, mai shago zai miƙo maka 'yar na'urar da ake soka wa a bango, wadda suke kira répéteur da Faransanci. Tana da araha, amma a san halinta: tana saurare ne sa'an nan ta maimaita, don haka mai sauƙin kuɗin tana raba gudu kusan biyu, kuma abin da ta ji shi take maimaitawa. Wanda ya sa ta a cikin ɗakin da ba ya samu, zai ga sanduna cike a salula amma babu abin da ke buɗewa. In dole sai ita, a sa ta a tsakiyar hanya, inda wifi yake da sauran ƙarfi.

Abin da ya fi ta shi ne kebul. Kebul ɗin kwamfuta da ake kira Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar mega 1,000 har tsawon mita 100 ba tare da bango ya dame shi ba, kuma da mita ake sayar da shi. A ja shi daga akwatin farko zuwa sashen da ke nesa, a can a sa akwati na biyu. Wannan na biyun ba sai sabo ba. Tsohon modem ɗin ADSL da aka jefa a kwali bayan zuwan fibir zai yi aikin. Abin da za a yi masa uku ne: a kashe masa sashen rarraba lambobi mai suna DHCP domin kada shugabanni su zama biyu a gida ɗaya, a ba shi lambar da ba ta yi karo da ta na farko ba, a kuma sa masa suna da kalmar sirri irin na farkon, yadda salula za ta riƙa komawa kan wanda ya fi kusa. Sai a soka kebul ɗin a ɗaya daga cikin ramukan da aka rubuta wa LAN a kowane ɓangare. Duk yaron da ya saba da kwamfuta zai gama wannan cikin rabin awa.

Wajen sayen kebul a nemi na tagulla zalla, domin akwai na alminiyam da aka shafa wa tagulla, mai saurin karyewa. Araha ba ta ado. Inda zai ratsa tsakar gida ko rufi a zura shi cikin tiyon roba, saboda ranar garin nan tana busar da fatarsa ta tsattsage. Talabijin da kwamfutar da ba sa motsi su ma a ba su kebul, a bar wa salula iska. Akwatunan nan masu tsada da ake sayarwa biyu ko uku a kwali ɗaya suna aiki, ba a musu, amma gida mai ɗaki huɗu ko biyar ba kasafai yake buƙatar su ba.

Zafi da ƙura da wuta

Allah Ya yi wa garinmu sauƙi, tunda yana kan tudun Ahagar, sama da mita 1,300 daga teku, zafinsa bai kai na In Salah ba. Duk da haka akasarin akwatunan nan an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma ɗaki mai rufin kwano ko taga mai kallon yamma a watan Yuni na iya wuce haka. Akwatin da ya yi zafi yakan yi jinkiri ko ya kashe kansa ya sake tashi. Iyayenmu mata suna son rufe kaya da ɗan ƙyalle don ƙura, niyya ce mai kyau, amma a nan shaƙe shi ake yi. A bar ramukansa a buɗe, a riƙa kaɗe su da busasshen buroshi sau ɗaya a wata, musamman bayan iska mai ƙura.

Wutar da yake ci kaɗan ce, wajen wat 10, wato kimanin kilowat 7 a wata idan bai huta ba dare da rana. Wannan ƙanƙantar ita ce ta sa ɗan batir zai iya riƙe shi idan an ɗauke wuta. Akwai ƙananan batura da aka yi musamman don modem, masu riƙe shi awanni, kuma sun fi babban onduleur na kwamfuta sauƙin kuɗi. A duba bayan akwatin a ga ko bolt 12 yake ci ko 9, a sayi daidai da shi. Haka nan idan cajarsa ta mutu kada a soka masa kowace aka samu don bakinta ya shiga. Mai fibir da aka sa wa akwati biyu ya tuna cewa dukansu suna buƙatar wuta. A lokacin hadarin Agusta da Satumba, idan aka fara tsawa, a zare shi daga wuta, mai ADSL ya zare har wayar tarho, domin ta nan ma tsawa take shigowa.

Kulle ƙofa

Kowane akwati yana da mabuɗi biyu. Na farko shi ne kalmar sirrin wifi da ake ba mutane. Na biyu shi ne na shiga saitin akwatin, ta lambar da aka rubuta a bayansa, irin su 192.168.1.1, kuma sau da yawa daga masana'anta kalmar admin ce kurum. Wanda ya sauya na farko ya bar na biyu, ya kulle ƙofa ne ya bar mabuɗi a jiki. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya ba da wata gwaninta ba, sai ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi da masu kaya ba su sauya ba.

A sauya su duka biyu. Kalmar sirri ta kai harafi 12 ko fiye, kuma kada ta zama lambar salular maigida ko sunan ɗan fari. Kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, a haɗe da lamba, sun fi sauƙin tunawa da wuyar cinka. Wajen nau'in kulle a zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 idan akwatin yana da shi. Tsohon nan WEP tun 2001 aka gano yadda ake fasa shi. A kashe abin da ake kira WPS, domin tun 2011 aka bayyana rauninsa, kuma shi ne manhajojin da samari ke yawo da su a salula suke lallaɓawa. Sunan wifi kuma kada ya zama sunan gidan.

Batun maƙwabta yana buƙatar tsayawa. Taimakon maƙwabci abu ne da aka hore mu da shi, kuma ɗalibin gidan kusa da ba su da hali ya cancanci a buɗe masa. Sai dai duk abin da aka aikata ta layin, sunan wanda ya yi rajista ne a kai. Mafita ita ce a kunna sashen baƙi da yawancin akwatuna suke da shi, mai suna daban da kalmar sirri daban, a ba wanda aka amince da shi, a riƙa sauya ta lokaci lokaci. 'Yan haya da suke son haɗa kuɗi su fara duba ko yarjejeniyar kamfani ta yarda, sa'an nan su faɗi ranar biya da yawan salular kowane ɗaki tun farko, don kada wifi ya raba zumunci. Su kuma samarinmu su sani cewa hawa layin mutum ba da izininsa ba daidai yake da ɗiban ruwa a tankinsa da dare. Rashin ganin sawu ba ya halatta shi.

Game da yara, akwatin yana da wurin da ake sa wa kowace salula lokacin hawa da na sauka, sai a rufe na 'yan makaranta daga ƙarfe 10 na dare. Akwai kuma matata ta kyauta da kamfanin Cloudflare ya fitar a 2020: a wurin da aka rubuta DNS a saiti a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3, za ta tare shafukan batsa da masu cutar da na'ura ga duk wanda ke kan wifin gidan. Amma ba ta ganin abin da ake turawa a cikin WhatsApp ko TikTok, kuma ba ta bin yaron da ya koma kan katinsa. Saboda haka ba ta ɗauke wa iyaye sa ido da zama da 'ya'yansu ba. Uwargida kuma, wadda ita ce a gida yawancin yini, lalle ta san kalmomin sirrin nan biyu. Bai dace a ce ɗan shekara 14 ne kaɗai ya riƙe mabuɗin gida ba.

Idan abu ya tsaya

Kafin a kira mai gyara a bi matakai. Idan salula ɗaya ce ta ƙi, matsalar tata ce. Idan duka ne, a zare akwatin daga wuta, a ƙirga 30, a mayar, a jira minti biyu. Kada a soka tsinke a ɗan ramin nan na baya, domin yana goge saitin gaba ɗaya. Sai a dubi fitilu: a akwatin fibir, jar fitila a wurin da aka rubuta LOS tana nufin haske bai iso ba, wato zaren ya karye ko ya lanƙwashe, aikin kamfani ne, kuma kada a leƙa bakin zaren da ido. A na ADSL, fitilar DSL mai ƙiftawa ba tsayawa tana nuna layin waje ne. A duba kuma ko wata ya ƙare, tunda ana iya biya daga gida da katin Edahabia na gidan waya. Sa'an nan a tambayi maƙwabta. A ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook sun tsaya wajen awa shida a duniya baki ɗaya, kuma tun bayan satar tambayoyin jarrabawar bak ta 2016 an sha taƙaita intanet a ƙasar nan a ranakun jarrabawar cikin watan Yuni. A irin waɗannan ranaku babu abin da za a saya ya yi magani sai haƙuri. Yana da kyau dai a bar salula ɗaya a gida da katin wani kamfani daban da ɗan abin da ke ciki, domin ranar larura.

Saboda haka, ya ɗan'uwa magidanci, ka bi abin daki-daki: tambayar maƙwabta da farko, sai ƙaramin tsari, sai wurin ajiya, sai kebul da tsohon akwati, sai ɗan batir. Sabon akwati mai tsada shi ne na ƙarshe, idan duk waɗannan sun gaza. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya miƙo takardarsa ta hannun masu rarraba wannan mujalla, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya sa wa abin da muke nema albarka, Ya shirya mana zuriya.